Daga Abuja zuwa Amurka a kujerar bizines: yadda za ka ci moriyar kuɗinka

Karo na farko da na sayi tikitin bizines, wato sashen manyan kujeru masu tsada na jirgin sama, saboda mahaifiyata ne. Za ta je ganin likita a birnin Hustan na Amurka, ga ciwon baya ga na gwiwa, kuma likitanta na nan Abuja ya ja kunnenmu kada ta daɗe a zaune wuri ɗaya. Muka haɗa kuɗi ni da 'yan'uwana, aka ɗora mini rakiya. A wannan tafiyar da waɗanda aiki ya sa na yi daga baya na fahimci cewa gado ake saya a bizines. Abinci mai kyau da falon jira da layin da babu cunkoso duk gyara ne aka ɗora a kai. Wanda ya biya ninki uku ko huɗu na kuɗin ikonomi, wato kujerun gama-gari, sannan ya sauka Amurka bai runtsa ba, an yi ba a yi ba ke nan. Don haka kowane mataki a nan, da wannan mudun nake auna shi: zai sa ka samu ka miƙe bayanka ka yi barci ko kuwa?

Biza tukuna

Kada ka biya ko kwabo kafin biza ta zauna a cikin fasfonka. Dokokin bizar Amurka ga 'yan Najeriya sun yi ta sauyawa tun watan Yulin 2025, lokacin da aka mayar da yawancin bizar ziyara ta zama ta shiga sau ɗaya cikin wata uku. Ka duba sanarwar ofishin jakadancinsu da ke Abuja a makon da za ka sayi tikiti, kar ka dogara da labarin wanda ya je bara. Ka kuma tabbata fasfonka na da sauran aƙalla wata shida, kana da katin rigakafin shawara, wato yalo kad ɗin nan.

Bizar Amurka tana yi maka wani amfanin da mutane da yawa ba su sani ba. Ɗan Najeriya yana buƙatar bizar wucewa ko da canjin jirgi kawai zai yi a Landan ko Faris ko Furankfot, amma wanda ke riƙe da bizar Amurka mai aiki kuma can ya nufa, an ɗauke masa wannan, muddin ba zai fita daga filin jirgin ba. Ranar dawowa ce ke son kulawa idan bizar ta ƙare kana can. Ka rubuta wa kamfanin jirgin ka tambaya, ka adana amsarsu a waya.

Ta ina za ka bi?

Babu jirgin da ke tashi daga Abuja kai tsaye zuwa Amurka, dole ka yada zango a wani wuri. Hanyoyin uku ne.

Ta Turai ita ce mafi kusa. British Airways na kai ka Landan, Lufthansa Furankfot, Air France kuma Faris, kowanne cikin awa shida da ɗoriya. Daga can tsallaka Tekun Atilantika zuwa Niyok ko Washinton awa takwas ne zuwa tara, Hustan kuma wajen goma. Ta gabas akwai Turkish Airlines ta Istanbul, Qatar Airways ta Doha, da Ethiopian ta Adis Ababa. Wannan zagaye ne sosai, domin daga Doha kaɗai zuwa Niyok ana cin kusan awa 14, amma sau da yawa tikitin ya fi sauƙi, kuma tsawon zangon yana ba ka damar barcin dare cikakke. Ta uku ita ce ka gangara Legas ka hau Delta zuwa Atlanta ko United zuwa Washinton, awa 11 zuwa 13 ba tare da tsayawa ba.

Ga tsoho ko marar lafiya na fi son hanyar Legas, saboda sau ɗaya zai kwanta ya tashi a Amurka. Sai dai tana da tarko. Tashar jiragen cikin gida da ta ƙasa da ƙasa a Legas ba wuri ɗaya suke ba, sai ka kwashi kaya ka shiga mota. Idan kuma tikitin Abuja zuwa Legas daban ka saye shi, jirgin ya makara har na Amurka ya tashi, babu wanda zai ɗauki asararka. Ka je Legas ana gobe tafiya ka kwana. Haka nake gaya wa mutanenmu na Jos: ko ta Akwanga da Keffi za ku biyo a mota, ko jirgi za ku hau daga filin jirgin Jos da ke Heipang, ku kwana Abuja tukuna.

Akwai wani lissafi da ya kamata ka yi kafin ka zaɓa, wato wane zango ne ya faɗa cikin dare. Jiragen Furankfot da Faris galibi da dare suke barin Abuja, su sauka da asuba, na Landan kuwa da safe yake tashi. Daga Turai zuwa Amurka kusan duk da rana ake tafiya, rana na bin ka har ka sauka. A dawowa ne ake kwana a sama. Ma'ana, idan aljihu bai kai ka sayi bizines zuwa da dawowa ba, ka sa kuɗin a kan zangon dare, na rana kuma ka ɗauki matsakaiciyar kujera da ke tsakanin ikonomi da bizines. Na yi haka fiye da sau ɗaya, kuma ban yi da-na-sani ba.

Kujerar kanta

A nan mutane suka fi yin asara, don suna ɗauka duk bizines ɗaya ne. Tun shekarar 2000 da British Airways ya fara sa kujerar da ke miƙewa ta zama gado a wannan sashe, kamfanoni suke ta gasa, amma har yau tsofaffin kujeru na yawo a sama, kuma kuɗinsu ɗaya da sababbin.

Abu biyu za ka duba. Na farko, kujerar tana kwantawa shamal, ko kishingiɗa kawai take yi? Shafin neman tikiti na Google Flights yana rubuta wannan a ƙarƙashin kowane zango. Na biyu, yaya jerin kujerun yake? Buɗe taswirar kujeru a shafin kamfanin ka ƙirga. Idan ka ga ɗaya a taga, biyu a tsakiya, ɗaya a ɗaya tagar, wannan shi ne mai kyau, kowa na iya fita ba tare da ya tsallake kowa ba. Idan biyu-biyu-biyu ne, na jikin taga sai ya ƙetare ƙafafun maƙwabcinsa duk lokacin da zai zaga. Akwai ma jiragen da ke da uku a tsakiya. Ga mace mai tafiya ita kaɗai wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin babu wadda za ta sake ta yi barci kafaɗa da kafaɗa da namijin da ba ta sani ba. Kujera ɗaya tilo a jikin taga ita ce tata.

Sunayen da za ka ci karo da su: Qsuite na Qatar Airways da Club Suite na British Airways suna da ƙofar da kake ja ka rufe, United na kiran nasa Polaris, Delta kuma Delta One, sabon na Lufthansa shi ne Allegris, Ethiopian na cewa Cloud Nine. Amma kamfani ɗaya yana iya samun sabuwa a wannan jirgin, tsohuwa a wancan, saboda haka jirgin ranar tafiyarka za ka duba. Boeing 787 da Airbus A350 sun fi daɗin jiki saboda iskar cikinsu ba ta kai ta tsofaffin jirage bushewa ba. Ka lura kuma da ƙananan jirage masu hanya ɗaya a tsakiya, irin Boeing 737, da wasu kamfanoni kan kawo Abuja, yawancinsu babu gado. A cikin Turai kuwa bizines kujerar ikonomi ce aka bar ta tsakiya babu kowa.

Wajen zaɓen lamba, ka nisanci bakin banɗaki da wurin haɗa abinci, akwai haske da ƙarar kwanuka duk dare. Idan tare da mahaifi ko maiɗaki kake, ku ɗauki biyun tsakiya don hannunka ya riƙa kaiwa gare su. Ka sake leƙa taswirar ana saura kwana biyu, domin akan sauya jirgi a watsa mutane wurare daban-daban.

Sayen tikiti

Farashi yakan hau a Disamba, da Yuli zuwa Agusta, da kuma Mayu lokacin bikin yaye ɗalibai a jami'o'in Amurka. Wata biyu zuwa uku kafin tafiya ka fara dubawa, ka gwada matsar da ranar gaba ko baya da kwana ɗaya ko biyu. A cikin bizines ɗin ma akwai mai tsada da za ka iya sauya rana ko a mayar maka da kuɗi, akwai mai rahusa da ba ya motsi sai da tara. Mai zuwa asibiti ya sayi wanda ake sauyawa, don likita ne zai faɗi ranar dawowa.

Idan ta hannun ejen za ka saya, ga abin da ya taɓa faruwa da ni. Wani ejen ya turo mini takarda mai ɗauke da sunana da ranakun tafiya da lambar ajiye kujera mai haruffa shida, na biya shi na kwantar da hankali. Ana saura kwana huɗu na shiga shafin kamfanin na tarar an soke, ashe kama kujerar kawai ya yi bai fitar da tikitin ba. Tikiti na gaskiya yana da lamba 13, kuma ukun farko na nuna kamfanin: 125 British Airways, 220 Lufthansa, 057 Air France, 235 Turkish Airlines, 157 Qatar Airways, 006 Delta, 016 United, 071 Ethiopian. Kada ka bar ofishin ejen sai ka ga wannan lambar, ka kuma shiga shafin kamfanin da wayarka ka gan ta a can. Ka duba kowane zango an rubuta bizines, don akan cusa ikonomi a zango mafi tsawo a sayar maka da sunan bizines.

Rubutun suna ya zama daidai da na fasfo harafi da harafi. Muhammad da Mohammed mutum biyu ne a wurin kwamfuta. Wanda ya saya kai tsaye daga kamfani, aƙalla mako guda kafin tashi, dokar Amurka ta ba shi awa 24 ya fasa ba tare da asara ba, ko a riƙe masa farashin na tsawon wannan lokacin.

Kafin ka tashi ka buɗe asusun tara maki na kamfanin jirgin, irin makin da ake musanyawa da tikiti daga baya, kyauta ne. Lufthansa da United da Turkish da Ethiopian ƙungiya ɗaya suke, Star Alliance, don haka makin ɗaya yana aiki a sauran. Air France da Delta suna SkyTeam, British Airways da Qatar kuma oneworld. Zuwa da dawowa ɗaya a bizines yana tara maki mai kauri. Wani lokaci kuma kamfani kan yi tayin ɗaga tikitin ikonomi zuwa bizines da rahusa ana gobe tafiya, amma wannan sa'a ce, ba a ɗora tafiyar marar lafiya a kanta.

Ana saura kwana biyu

Shiga shafin kamfanin ka nemi abincin Musulmi, alamarsa MOML. Yawancinsu suna son a sanar da su awa 24 zuwa 48 kafin tashi. A Turkish da Qatar ba ka buƙata, duk abincinsu halal ne. A jiragen Turai da Amurka kuwa naman alade yana yawan fitowa a karin kumallo, kuma akan sa giya a wasu miya da kayan zaƙi. A nan ne kuma za ka nemi keken tura marasa ƙarfi, kyauta ne, kuma filaye irin na Istanbul da Doha da Heathrow na Landan tafiyar cikinsu ta fi ƙarfin gwiwar tsoho.

Akasari bizines na ba ka akwati biyu, kowanne kilo 32, maimakon 23 na ikonomi. Magunguna su zauna a jakar hannu cikin kwalayensu na asali tare da takardar likita. Fawa-bank ma a hannu, ba a yarda da shi a cikin akwatin da za a loda ba. Duk wani abu mai ruwa a jakar hannu kada ya wuce mililita 100, turare ma haka.

Sai tsaraba. Amurka ba ta barin a shiga da nama daga Najeriya, ko kilishi ne ko dambu, komai bushewarsa. Hajiya mahaifiyata ta ɗaure wa jikokinta kilishi a cikin zani ba tare da na sani ba, sai da muka kusa sauka ta gaya mini. Na ce, "Hajiya, ku bari mu faɗa musu da bakinmu." Jami'in ya warware ƙullin, ya ɗauke kilishin ya jefa a kwandon shara, ya duba kuka da kuɓewa busasshiya ya mayar mana. Ta bi kwandon da kallo ta ce, "To, Allah Ya sa haka ne mafi alheri." Ba a ci mu tara ba saboda mun bayyana. Duk abincin da ke jakarka ka faɗe shi. Haka kuɗi: abin da ya haura dala 10,000, a hannunka ko jimillar na iyalin da kuke tare, sai an bayyana shi a nan gida da can. Ba haraji za a karɓa ba, ɓoyewar ce ke jawo a ƙwace.

Ranar tafiya

Ka isa filin jirgin Nnamdi Azikiwe awa uku kafin tashi. Idan jirgin dare ne, ka tuna da gosulon Lugbe daga ƙarfe biyar na yamma lokacin da ma'aikata ke komawa gida, balle in hadari ya haɗo. A sabuwar tashar ƙasa da ƙasa da aka buɗe a Disambar 2018 za ka ga layin bizines daban. Ka tambayi mai auna kaya ko an rubuta akwatinka har zangon ƙarshe, ka ɗauki hoton 'yar takardar da ya manna maka. Ka karɓi katin shiga jirgi na dukkan zanguna. Daga nan sai jami'an shige da fice da sauran masu bincike, sannan falon jira.

Idan daren za ka kwana a sama, ci abincinka a ƙasa. Zangon Abuja zuwa Turai awa shida ne kawai. In ka zauna jiran a kawo abinci kashi-kashi, awa biyu ta tafi, kuma ana saura awa ɗaya da rabi a sauka za a kunna fitilu don karin kumallo. Me ya rage? Da jirgi ya daidaita a sama ka gaya wa ma'aikaciya ba za ka ci ba, kuma kada a tashe ka. Ka sa kaya masu sakewa. Babbar riga mai sitaci a ninke ta a jaka, a ɗauko ta ranar sauka.

Da ka zauna za a zagayo da faranti ɗauke da kofuna. Wanda yake kumfa mai launin zinare giya ce, ka ce ruwa ko lemo kake so. Sannan ka koyi maɓallan kujerar tun fitilu na kunne. A zangonmu na farko na farka bayan awa biyu na tarar da Hajiya zaune cak, carbi a hannu, bargon ma ba ta warware ba. Kunya ta hana ta tambaya. Na danna maɓallin kujerar ta yi ta zamewa a hankali har ta miƙe, ta ce, "Ikon Allah, ashe har kwanciya ake yi?" Na lulluɓe ta na ɗaura mata bel a saman bargo, don kada a tashe ta in jirgi ya fara girgiza. Ba ta motsa ba sai da muka shiga sararin Turai. In kana tare da babba, ka shimfiɗa masa kafin ka kwanta.

Zango da tsallaka teku

Awa biyu da rabi zuwa huɗu shi ne zango mai kyau. Ƙasa da haka, jinkiri kaɗan zai sa ka rasa jirgi, kuma masu zuwa Amurka ana ƙara yi musu tambayoyi a bakin ƙofa. Da ka shiga falon bizines ka fara rubuta sunanka a layin wanka, da asuba yakan cika. Ka yi alwala a nan, ka nemi ɗakin salla, akwai su a Heathrow da Furankfot da Istanbul da Doha.

Lokutan salla a sama da rana suke tafiya, agogon Abuja ba zai taimake ka ba. Wanda ya bar Landan da tsakar rana zai yi awa takwas ya sauka Niyok wajen ƙarfe uku na yamma. Matafiyi yana da sauƙin ƙasaru da haɗa Azahar da La'asar, ko Magariba da Isha, sai ka tsara a wane zango za ka yi su. Ka dai tuna cewa a Disamba rana na faɗuwa a Niyok wajen huɗu da rabi, layin shige da fice kaɗai na iya cinye maka La'asar. Hukuncin salla a zaune cikin jirgi, ka tambayi malaminka tun kana gida. Mai azumi kuma ya sani cewa tafiya yamma na ƙara masa tsawon yini da awa biyar ko shida, kuma ba ya buɗa baki sai rana ta faɗi a inda yake.

Iskar cikin jirgi busasshiya ce kamar ta tsakiyar hunturu, kuma jikinka yana jin kamar kana kan tsaunin da ya kai mita 1,800 zuwa 2,400, alhali Jos ma kusan 1,200 ce. Shi ya sa leɓe ke tsagewa, ƙafa ke kumbura. Sha ruwa a kai a kai, shafa man kaɗanya a leɓe da hanci, ka tashi ka taka duk bayan awa biyu ko uku in idonka biyu. Mai hawan jini ko wanda jini ya taɓa daskare masa a jijiya ya ga likita kafin tafiya, ya tambaya game da safar matse ƙafa.

A wannan zangon rana ne za ka zauna ka ci abincinka a natse. Bayan nan ka kwanta awa biyu ko uku kacal. In ka zarce, daren farko a Amurka ido biyu za ka yi shi. Niyok da Washinton suna bayan Abuja da awa biyar daga Maris zuwa farkon Nuwamba, awa shida a sauran watanni, Hustan kuma a ƙara ɗaya.

Sauka da dawowa

Bizines zai fitar da kai daga jirgi kafin kowa, amma gatansa a nan ya tsaya, layin shige da fice na kowa ne. Ka yi sauri ka riga taron. Riƙe adireshin masauki da tikitin dawowa da takardar asibiti ko ta taron da ka zo a hannu, a buga su a takarda don caji na iya ƙarewa. Ka amsa abin da aka tambaye ka kai tsaye. Idan za ka ƙara hawa jirgin cikin gida, a filin da ka fara sauka za ka ɗauki akwatinka ka wuce kwastan, ka sake miƙa shi, don haka ka bar aƙalla awa uku tsakani. Ranar ka daure ka fita cikin hasken rana, kada ka kwanta sai bayan Isha.

Dawowa ta fi gajarta da kusan awa ɗaya, saboda wata iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas tana tura jirgin. Daga Niyok zuwa Landan bai cika kai awa bakwai ba, kuma dare ne gajere, don haka dabarar nan ta cin abinci a falo ta fi amfani a nan. Ka kwanta da zarar an kashe alamar bel. A zangon ƙarshe zuwa Abuja ka fito da yalo kad da takardar akwati ka sa a aljihun gaba, ka kuma turo wa mai ɗaukarka lambar jirgin tun kana Turai don ya riƙa bibiyar lokacin saukarsa a waya.